Maganin dare aka ba ni, ni kuma da dare nake tuƙi

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta wannan abu amma duk sanda na ɗauki waya sai in ajiye, yau dai ga mu a Ogere mota ta lalace muna jiran bakanike ya kawo ƙarfe daga Ibadan, ba abin yi, nace bari in rubuta ko Allah zai kai shi ga wanda zai amfana. Sunana dai ku yi min uzuri, inada 'ya'ya mata kuma kun san halin garinmu. Ni direban tirela ne, shekara 23 kenan ina hanyar Kano zuwa Legas, wake da masara da gero daga Dawanau, wani lokacin albasa, in mun sauke mu nemi lodin dawowa. Kuma ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV, wadda mutanenmu ke haɗawa gaba ɗaya su kira ƙanjamau. Tun 2015 na sani.

Zazzaɓi ne ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga gudawa, ga rama har sai da na ƙara wa bel ɗina huda biyu. Na sha maganin maleriya da na taifod a kemis ya fi a ƙirga kafin wani likita yace a duba jinina. Yadda akai na samu ba sai an tambaye ni ba, na san rayuwar da na yi a wuraren da muke yada zango a hanya, wannan tsakanina da Ubangijina ne kuma na tuba ina kan tuba. Suka auna abin da suke kira CD4, wato sojojin jiki, nawa 174, alhali na mai lafiya daga 500 yake zuwa sama. A lokacin ba kowa ake ɗora wa magani nan take ba sai sojojin sun yi ƙasa, daga 2016 ne aka koma duk wanda aka samu da cutar a fara masa. Ni dai nawa sun riga sun faɗi, aka ɗora ni.

Ƙwaya ɗaya ce a rana mai haɗin magani uku, a ciki akwai wani efabirenz. Mai ba da maganin tace min in sha da dare in zan kwanta saboda yana sa jiri da mafarkai, in mutum yana barci ba zai ji ba. Gaskiya ta faɗa, ga mai kwana a gadonsa shawara ce mai kyau. Amma ni dare ne ranata. Mu da rana muke kwanciya ƙarƙashin mota saboda zafin kwalta yana cin taya ga cunkoso, in gari ya yi sanyi mu tashi. A foldata an rubuta direba, da idona na gani, amma rubutu ne kawai ba wanda ya tsaya ya haɗa wannan kalmar da ƙwayar da ake miƙo min. Ni ma ban yi magana ba, kunya da tsoro sun rufe min baki, burina kawai in karɓa in ɓace daga wurin.

Daren da ba zan manta ba a Tegina na tsaya wajen mai shayi na ci indomi da ƙwai mai ya ji, na kora ƙwayar da ruwa wajen ƙarfe tara muka kama hanyar Mokwa da buhu 300 na wake a baya. Sai daga baya na san cin abu mai maiƙo yana ƙara wa wannan maganin ƙarfi a jiki. Ba mu yi awa ɗaya da rabi ba na ga fitilar motar da ke tahowa ta rabu biyu, titi ya koma kamar ruwa yana motsi, kaina kamar ba a wuyana yake ba. Ihun yaron motata kawai na ji, Oga! Oga! ashe tayar gaba ta riga ta sauka daga kwalta. Allah ne Ya tsare, na samu na tsayar da ita, na kifa kai a sitiyari jikina na rawa har aka kira asuba. A wurin na yanke wa kaina hukunci, duk daren da zan yi tuƙi ba zan sha ba. To a wata dare nawa ne ba na tuƙi? Kusan rabi da rabi ne. Haka na dinga sha yau in bari gobe da jibi, ban san wannan shi ne yake koya wa ƙwayar cutar yadda za ta fi ƙarfin magani ba.

Sai kuma maganar zuwa asibiti. Duk wata sai ka je, kuma rana ɗaya ce tamu a sati, Talata. Daga masallacin asuba za ka wuce ka karɓi lamba, a nemo folda, a hau sikeli, a jira likita, a koma layin famasi, in ka bar wurin kafin la'asar ka yi sa'a. Ginin namu kuma can baya yake shi kaɗai, duk wanda ya ga ka nufi can ya gama sanin labarinka. Akwai ranar da na hango wani ɗan unguwarmu ya kawo mahaifiyarsa ɓangaren ido, da hirami na rufe fuska na zauna a bayan tankin ruwa har ya tafi, lambata ta wuce.

A 2017 abubuwa suka haɗe min. Da damina gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye muka koma zagaye, ga gosulon Apapa na wancan lokacin wanda duk direban da ya shiga zai ba ka labari, sai ka yi sati biyu a layi kana kwana a mota kana wanka da ruwan leda. Na dawo Kano na makara da sati uku, ranar Talata na je da katina. Wata ma'aikaciya ta duba kwanan watan ta ɗaga murya a gaban mutane tace ga wani difolta nan, wato mai tsallake ranar karɓar magani, ku direbobi haka kuke, in kun kwanta kuma a kawo mana ku ranga-ranga. Wallahi ban ce mata komai ba, na ajiye katin a kan teburinta na fita. Yanzu na yafe mata, na san mutum sama da ɗari take gani a rana ita da abokiyar aikinta, amma maganar nan ta raba ni da magani shekara ɗaya da rabi.

A wannan tsakanin na sayi jarkar wani jiƙo wajen masu lasifika a tasha naira dubu 15, wai yana wanke jini tas. Na sha jarka uku. Addu'a ban taɓa rainawa ba kuma har gobe ina yi, amma jarkar nan ba abin da ta wanke sai aljihuna. Abin da ya fi ci min rai in na tuna shi ne duk wannan lokacin uwargidana ba ta san komai ba. Ina kwana da ita, tana dafa min abinci tana min sannu, ni kuma na san abin da ke jikina. Wannan zunubin ya fi min na farkon nauyi.

Farkon 2019 tari ya kama ni, gumin dare har sai an sake zanin gado, daga baya na fara ganin jini. Tarin fuka. Mai motar ya karɓi makullinsa, ban ga laifinsa ba. Ina kwance a ɗaki cikin watan Maris na ji a rediyo ana faɗin sakamakon babban binciken da akai a 2018, cewa mutum wajen miliyan 1.9 ne ke ɗauke da cutar a Najeriya, kashi 1.4 cikin ɗari na manya, mu nan arewa maso yamma 0.6. Sai na dinga tunani, cikin mutanen nan nawa ne direbobi irina, nawa ne makiyaya da ke bin ciyawa, nawa ne matan da ba sa fita sai da izini, nawa ne 'yan makarantar kwana, kuma dukkanmu an ce mu zo Talata da safe mu sha da dare.

Ƙanena ne ya kai ni wani asibitin daban. A can na haɗu da wata Sista dattijuwa, ta kusa ritaya, tabarau ɗinta da igiya a wuya. Na zauna ina jiran faɗa don na san na cancanta. Sai ta rufe foldar ta ture gefe tace, Malam, bar maganar magani tukuna, faɗa min yadda satinka yake, yaushe kake barci, ina kake kwana, wa ya sani a gida? Shekara huɗu ina da cutar nan ba wanda ya taɓa min wannan tambayar. Ni da nake da furfura a gemu sai ga hawaye. Na ba ta labarin Tegina da Apapa da jarka da komai, tana rubutawa a bayan wata takarda ba ta katse ni ba.

Tace to ai an samu sauyi, yanzu akwai wani haɗin da ake kira TLD, an cire efabirenz an sa dolutegrabir, ba ya kawo irin wancan jirin kuma da safe ma ya fi daɗin sha don wasu yana hana su barci. Amma tunda ina kan maganin tarin fuka na wata shida, kuma rifampisin da ke cikinsa yana rage wa dolutegrabir ƙarfi, za ta ƙara min wata 'yar ƙaramar ƙwaya in sha awa 12 bayan babbar har in gama. Ta tambaye ni mene ne ba ya wuce ni a rana ko ina hanya, nace sallah. Tace shikenan, babbar bayan asuba, ƙaramar bayan magariba. Gwajin yawan ƙwayar cuta a jini da akai min a lokacin ya haura dubu 100. Bayan wata shida da aka sake, ƙasa da 50, tace min injin ma da ƙyar yake ganinta.

Maganar uwargida ita ce ta fi wuya. Sista tace ba za ta tilasta min ba amma ba za ta ɓoye min cewa haƙƙi ne a kaina ba, in na so in kawo ta mu faɗa mata tare. Haka akai. Maman yara ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba, kallona kawai ta yi tace, Baban yara, tun yaushe? Da nace 2015 sai ta miƙe ta gyara hijabinta. Sati biyu ta yi a gidansu. Gwajinta ya nuna ba ta da shi, aka sake bayan wata uku haka nan, yara ma duk lafiya. Ikon Allah ne kawai ba dabarata ba.

Da ta dawo, ita ma aka zauna da ita aka ji nata yanayin, kuma nata daban ne da nawa kwata-kwata. An ba mu kwaroron roba, ita kuma aka ɗora ta a kan PrEP, ƙwaya ce da wanda ba shi da cutar yake sha kullum don kariya. Damuwarta ba lokacin sha ba ne, Inna ce, mahaifiyata, muna gida ɗaya kuma ko ƙofar gida Maman yara ta leƙa sai an tambayi dalili. Sai aka haɗa mata ranar karɓa da ranar da take kai autanmu na lokacin awo, mace 'yar uwarta ce ke ba ta a ɗakin da ake ganin masu jego, ba wanda zai ce ga abin da ta je yi. Kwalbar tana ƙara in an motsa, ta cusa auduga a ciki. Da jinina ya zauna ƙasa fiye da wata shida suka yi mana bayani cewa wanda yake shan magani daidai har ƙwayar ta yi ƙasa da 200 ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, ta ajiye nata maganin da shawararsu. A 2021 ta haifa mana 'ya mace, ita da jaririyar lafiya lau.

Lokacin korona ne na san an canza da gaske. Ƙarshen Maris 2020 aka rufe Legas ina ciki, motocin abinci an bar mu amma komai ya tsaya cak, ba lodin dawowa, ƙwayata saura tara. Ina zaune ina lissafi sai waya ta yi ƙara, wani yaro ne da asibitin suka haɗa ni da shi, kes manaja suke ce masa, yace Kawu kana ina, saura nawa a kwalbar? Na faɗa masa. Kafin la'asar ya kira wani asibiti a wajen Agege ya tura musu hoton katina ta WhatsApp, washegari na je aka ba ni na wata uku ba wanda ya min kallon banza. Da na tuna 2017, wancan makarar da wannan duk abu ɗaya ne ya jawo su, hanya, amma dubi yadda aka karɓe ni.

Daga baya aka mai da ni na wata shida, kwalba biyu mai ƙwaya 90 kowacce. Sau biyu nake zuwa a shekara, ɗaya daga ciki a ɗebi jini a ranar, ba na bin dogon layi, minti 40 na fito. Kwalba ɗaya na bari a gida ɗaya na tafi da ita, kuma ba na ajiyewa a dashbod don zafin cikin mota yana lalata magani, a jaka take ƙarƙashin gadon baya nannaɗe cikin sallaya. Da azumi da sahur nake sha, ko canjin kirki ba a yi ba.

Sun taɓa min tayin in dinga karɓa a wani babban kemis kusa da unguwarmu don in huta da zuwa asibiti, nace a'a. Mai kemis ɗin tare muke sallar Juma'a, yaransa abokan 'ya'yana ne. Amma wani tela da muke ƙungiya ɗaya ta masu ɗauke da cutar shi wannan tsarin ne ya cece shi, don rufe shago wuni guda asara ce gare shi, da dare yake zuwa ya karɓa kamar mai sayen Panadol. Akwai kuma wasu mata a wani ƙauye da suka haɗa kansu, duk zuwa mutum ɗaya ce ke shiga mota ta karɓo wa sauran, su haɗa mata kuɗin mota. Shi ya sa nake jin haushi in na ji wani ma'aikaci yana cewa ai yanzu kowa kaza za a yi masa. Abin da ya zama sauƙi ga tela ni tonon asiri ne a wurina, a tambayi mutum kawai, ya fi kowa sanin inda takalminsa ke matsa masa.

A 2022 na ɗauki sabon yaron mota, ɗan shekara 19, shiru-shiru, ga ƙoƙari. Wata rana a Jebba ina neman sifana a jakarsa sai wata 'yar leda ta faɗo da ƙwayoyi a ciki. Kallo ɗaya na yi musu na gane. Ban ce komai ba sai da dare muna zaune a gefen mota na ɗauko kwalbata na ajiye a gabansa. Ya kalle ta ya kalle ni yace, Oga, kai ma? Sai ya fashe da kuka. Shi da ita aka haife shi, mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, kakarsa ta riƙe shi tana ce masa maganin ƙarin jini ne har ya kai 15 kafin ya ji gaskiya a bakin wata nas. Ledar nan ta wata biyu ce bai taɓa ba. Yace min shi me ya yi, laifin wa yake biya?

Ban da amsar wannan, kuma na gane abin da ya gyara ni ba shi zai gyara shi ba. Ni lokaci da hanya ne matsalata, shi zuciya ce. Kes manajan nan ne ya sa shi a wani zama da matasa irinsa suke yi ranar Asabar sau ɗaya a wata, ba manya a ciki sai ma'aikaci ɗaya, taken su sifili uku, kada ka tsallake ranar asibiti, kada ka tsallake ƙwaya, ƙwayar cuta ta koma sifili. Na dinga tsara tafiyarmu yadda Asabar ɗin za ta same mu a Kano ko da zan rasa lodi. A can ya ga wata da ta gama jami'a da wani da ya yi aure ya haihu, abin da ni da bakina na faɗa masa sau goma bai shiga ba. Shi ba a ba shi na wata shida ba sai da jininsa ya sauka, wata-wata aka fara da shi, kuma daidai ne. Na sa ya daina juye ƙwaya a leda ma, a kwalbarta ake barinta da ɗan ƙunshin nan mai tsotse danshi.

Yanzu akwai yarinyar da yake so. Tun da aka sa hannu a dokar gwaji kafin aure a Kano a 2024, wadda ta haɗa da HIV da ciwon hanta da jinsin jini, hankalinsa bai kwanta ba. Ni ina ganin gwajin alheri ne, da an yi shi a kaina da ban ɗauki alhakin da na ɗauka ba. Amma takarda kaɗai ba ta isa ba, in sakamako ya fito ɗaya na da shi ɗaya babu, dole a samu wanda zai zaunar da su da iyayensu ya yi musu bayanin da akai mana ni da Maman yara, in ba haka ba yara irinsa guduwa za su yi daga gwajin gaba ɗaya. Na yi masa alkawari duk ranar da ya shirya faɗa mata ni zan raka shi.

A Janairun 2025 da aka dakatar da tallafin da Amurka ke bayarwa ƙasashen waje hankalinmu ya tashi sosai, don shirin PEPFAR da aka kafa tun 2003 shi ke ɗauke da babban kaso na maganin nan da muke karɓa kyauta. Magani dai alhamdulillahi ban rasa ba, sau ɗaya aka ba ni na wata uku maimakon shida. Amma kes manajanmu an ce ya zauna a gida, zaman Asabar ma ya tsaya na wani lokaci. Abin da na lura shi ne in kuɗi ya yi ƙasa ƙwayar ake fara karewa, mai kiran waya ya tambaye ka saura nawa shi ake fara sallama, alhali ni shi ne ya riƙe ni a Legas.

Shi ya sa yanzu nake yi da kaina iya abin da zan iya. Akwai direbobi biyar da suka yarda da ni, lambobinsu na wayata da wasu sunaye daban, in wata ya kusa ƙarewa in kira in ce ya mai, saura lita nawa a tanki, su sun gane. Ina kuma yawo da abin gwajin nan na kai da kai wanda ake gogawa a dasashi a jira minti 20, don na san direba zai yi shekara goma bai taka asibiti ba amma a cikin motarsa shi kaɗai zai yarda ya duba, in ya nuna layi biyu sai in ce masa wannan ba shi ne ƙarshe ba sai an tabbatar a asibiti, in faɗa masa wanda zai nema da ranar da ba cunkoso.

Ga bakaniken can ya iso da ƙarfen a kan acaɓa, yaron yana ƙwala min kira in zo in riƙe musu fitila. In an gama da wuri yau za mu kwana Ilorin, alam ɗin wayata na nan ƙarfe shida saura kwata, ni da shi ruwan leda ɗaya muke rabawa.